Yadda Ake Gina Rayuwar Aiki a Ƙaramar Hukuma Wajen Kare Muhalli da Tsaya wa Jama'a

Idan matashi ya ce yana sha'awar aikin kare muhalli, yawanci hankalinsa kan tafi ga ma'aikatar tarayya da ke Abuja ko ga manyan ƙungiyoyin ƙasashen waje, kuma da wuya a ji ya ambaci sakatariyar ƙaramar hukumarsu. Alhali kuwa bolar da ta cinye rabin hanya, da magudanar ruwan da ta toshe, da mayankar da jini ke kwarara daga cikinta zuwa kududdufi, da kasuwar da ba ta da ban-ɗaki ko ɗaya, duk a wuyan ƙaramar hukuma doka ta rataya su. Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, kuma a cikinsu akwai kwashe shara da kula da najasa, da samar da ban-ɗakunan jama'a, da gina magudanan ruwa da tituna da lambunan shaƙatawa, da kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da maƙabartu, da sa ido a kan gidajen abinci da gidajen burodi. Akwai ƙananan hukumomi 774 a ƙasar nan, Kano kaɗai tana da 44, Katsina 34, Jigawa 27, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ba ta buƙatar mutanen da suka san wannan aiki suka kuma riƙe shi da daraja.

Tsarin ƙananan hukumomin da muke da shi ya samo asali ne daga gyaran fuskar da aka yi a 1976, wanda ya maye gurbin En'e. A lissafin rabon arzikin ƙasa, kashi 20.60 cikin ɗari ne kasonsu, kuma a ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓun shugabanni. Aiwatar da hukuncin yana tafiyar hawainiya, amma wanda ke shirin shekara talatin da biyar na aiki ya kamata ya dubi inda al'amura suka dosa. Duk ranar da kuɗi ya sauko hannun ƙananan hukumomi, ingancin ma'aikatan da ke sakatariya da farkawar mutanen da ke mazaɓu ne za su nuna ko kuɗin zai zama rijiya da magudanar ruwa ko zai salwanta.

Karatu da lasisi

Hanya mafi miƙewa ita ce ta zama jami'in lafiyar muhalli, wanda jama'a suka fi sani da duba-gari ko malamin tsafta. Shirinta yana farawa tun daga sakandare, domin sai da kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da lissafi da darussan kimiyya ake samun gurbi. Makarantar Koyon Tsafta ta Kano tana yaye malaman tsafta tun zamanin Turawan mulkin mallaka, sannan kusan kowace jiha ta Arewa tana da kwalejin fasahar lafiya, kamar ta Maƙarfi a Kaduna, da ta Jahun a Jigawa, da ta Kankiya a Katsina, da ta Tsafe a Zamfara, da ta Gwadabawa a Sakkwato, da ta Ningi a Bauchi, da ta Kaltungo a Gombe. Ana yin ƙaramar difloma shekara biyu, a fita aikin sanin makama na shekara guda, sannan a dawo a yi babbar difloma shekara biyu, kuma akwai jami'o'in da ke ba da digiri a fannin. Bayan karatun makaranta akwai jarrabawar ƙwarewa, wadda hukumar WAHEB ta Afirka ta Yamma ta daɗe tana shiryawa, sai kuma rajista da majalisar da ke kula da sana'ar, wadda aka kafa da doka a 2002 da sunan EHORECON, yanzu kuma ake kiranta EHCON. Lasisin nan shi ne ke ba ka ikon sa hannu a takardar gargaɗi da tsayawa gaban alƙali a matsayin jami'i, saboda haka kada ka jinkirta karɓarsa, kada kuma ka bar shi ya lalace ba ka sabunta ba.

Kafin ka biya ko kwabo a wata makaranta, musamman masu zaman kansu da suka yawaita a 'yan shekarun nan, ka tabbatar cewa hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha da majalisar EHCON sun amince da kwas ɗin da za ka yi. Akwai iyayen da suka sayar da awaki da amfanin gona suka biya kuɗin makaranta, daga ƙarshe yaro ya fito da takardar da babu hukumar da za ta karɓa. Tambayar ba ta ɗaukar lokaci, kuma makarantar da ke da gaskiya ba za ta ji nauyin nuna maka takardar amincewarta ba.

Wanda bai yi kimiyya ba, ƙofa ba ta rufe masa ba. Sashen gona da albarkatun ƙasa yana ɗaukar malaman gona da malaman daji, kuma ana koyon wannan a Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke Jos ko a Kwalejin Aikin Gona ta Audu Baƙo da ke Ɗambatta. Sashen ci gaban al'umma yana ɗaukar waɗanda suka karanta halayyar zamantakewa, kuma su ne ke yi wa ƙungiyoyin unguwa rajista. Mai son ɓangaren mulki kuma yana iya karanta harkokin ƙananan hukumomi a harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda ta daɗe tana horar da ma'aikatan mulki na Arewa. Ko wanne ka zaɓa, ka haɗa da abubuwa uku da ba a cika ba su muhimmanci a aji ba: iya rubuta rahoto gajere mai ma'ana da Turanci da Hausa, da iya jera alƙaluma a kwamfuta, da iya ɗaukar hoton wuri da waya tare da adana ranar da aka ɗauka da daidai inda aka ɗauka.

Shiga aiki

Hukumar Kula da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi ta jiha ita ce ke ɗaukar ma'aikata daga mataki na 07 zuwa sama, da yi musu ƙarin girma da canjin wurin aiki, ƙananan matakai kuma akan bar su a hannun ƙaramar hukumar kanta. Mai digiri da ya gama bautar ƙasa yana farawa ne a mataki na 08. Ka tanadi takardar shaidar asalin ƙaramar hukumarka, da takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, da lambar zama ɗan ƙasa, kuma ka tabbatar sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a kowace takarda, domin saɓanin harafi guda yana iya riƙe albashin mutum watanni a lokacin tantance ma'aikata.

Gaskiyar magana ita ce guraben ba su da yawa, kuma jihohi kan shafe shekaru ba su ɗauki sababbin ma'aikata ba. A irin wannan yanayi ne masu sayar da takardar ɗaukar aiki ke cin kasuwarsu, kuma yawancin takardun na bogi ne. Ko da ta gaske ce, wanda ya sayi aiki da bashi zai shiga unguwa yana neman mayar da kuɗinsa daga aljihun mai shayi da mai tuwo-tuwo, kuma daga nan aikin ya lalace tun kafin a fara. Abin da ya fi shi ne ka je wurin shugaban sashen lafiya ko na ruwa da tsaftar muhalli ka nemi a saka ka cikin masu aikin sa-kai, ka riƙa fita tare da jami'ai ranar tsaftar ƙarshen wata, ka shiga kwamitin ci gaban mazaɓarku, ka kuma nemi aikin wucin gadi a lokutan rigakafi da rabon gidan sauro. Ka nemi a rubuta maka takardar shaida a kan kowane aiki da ka yi. Ranar da aka buɗe gurbi, shugaban sashen da ya ga kana zuwa da sassafe shekara guda ba tare da albashi ba zai tuna da sunanka, kuma ƙungiyoyin da ke aikin ruwa da tsafta su ma irin waɗannan takardu suke dubawa.

Aikin gida-gida

A nan ne ake gane jami'in kirki, kuma a nan ne ya kamata sabon ma'aikaci ya fi zuba hankalinsa. Kada ka shiga unguwa ba tare da ka fara zuwa wurin mai unguwa ba, kuma idan aikin ya shafi gari guda, sai an bi ta hannun dagaci da hakimi. Ka zauna a zaure, ku gaisa sosai, ka ce: “Ranka ya daɗe, an turo mu duba tsaftar gidaje da rijiyoyi kafin damina, mun zo neman izini da kuma wanda zai yi mana jagora.” Yaron da mai unguwa zai haɗa ka da shi ya fi kakinka buɗe ƙofofi. Yawancin gidajenmu kuma ba a shiga, saboda haka tawagar da babu mace a cikinta iyakacinta zaure da ƙofar gida, alhali randa da madafi da masai duk suna ciki. Wannan ne ya sa mata ke da babban gurbi a wannan sana'a, kuma iyayen da ke neman wa 'yarsu karatun lafiya ya kamata su san cewa akwai wannan fanni ban da aikin jinya da ungozoma.

Idan an shiga gida, akwai abubuwan da ido zai nema. A leƙa randa a ga ko tana da murfi, a ga ko moɗar da ake ɗiban ruwa da ita a rataye take ko a ƙasa take yashe, a haska cikin ruwan a ga ko akwai 'ya'yan sauro suna motsi. A duba bakin masai ko a rufe yake, a kuma auna nisansa da rijiya, domin abin da aka fi so shi ne tazarar ta kai kimanin mita 30, kuma masan ya kasance ta gangare. A dubi bakin rijiya ko an ɗaga shi an yi masa daɓe, a dubi inda ake ajiye guga da igiya, a bi ruwan wanke-wanke a ga inda yake ƙarewa, ko a ramin da aka tanada ko a tsakiyar lungu inda yara ke wasa. A duba turken dabbobi da tsofaffin tayoyi da gwangwanaye, waɗanda ruwan sama ke taruwa a cikinsu. Duk abin da aka gani a rubuta shi nan take da lambar gida da kwanan wata, domin rahoton da aka rubuta da daddare daga ƙwaƙwalwa ba ya tsayawa a kotu, ba ya kuma gamsar da shugaban sashe.

Dokar lafiyar jama'a ta ba jami'i ikon ba da takardar gargaɗi mai wa'adi, idan wa'adin ya cika ba a gyara ba a gurfanar da mai gida, kuma a ranakun tsafta akan kafa kotun tafi-da-gidanka. Amma a ganina jami'in da ya fara da tara ya yi asarar unguwar. Ka fara da bayani, ka nuna wa maigida yadda ruwan masai ke bin ƙasa ya isa rijiya, ka faɗa masa gyaran da ya fi araha, ka ba shi lokacin da zai iya, sannan ka dawo ranar da ka ce za ka dawo. Dawowar nan ita ce rabin aikin, domin mutane sun saba da jami'in da ke zuwa sau ɗaya ya yi barazana ya ɓace. Idan kuwa ta kai ga hukunci, to ya hau kan attajirin da ya gina shago a kan magudanar ruwa kamar yadda ya hau kan mai ƙosai, domin jama'a suna kallo, kuma ranar da suka ga an ɗaga wa mai kuɗi ƙafa ba za su ƙara jin maganarka ba. Kuɗin tara kuma sai da rasit, kuma ba a aljihun jami'i yake kwana ba.

Muhimmancin wannan aiki yakan bayyana ne idan annoba ta ɓarke. A 2021 an samu fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Nijeriya, sama da 3,000 suka rasu, kuma jihohin Arewa ne suka fi jin jiki. Cutar amai da gudawa tana bin ruwan sha da bahaya a fili, abubuwan da duba-gari ke gani kullum. Idan ka ji an ce mutum biyu ko uku a lungu guda suna gudawa kamar ruwan shinkafa, ka sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma a ranar, ka binciki inda suke ɗiban ruwa, a zuba sinadarin kulorin a rijiyoyin, a kuma koya wa iyalai haɗa ruwan gishiri da sukari kafin a kai marar lafiya asibiti. Akwai kuma hujjar cewa abin yana yiwuwa: a watan Oktoban 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko da dukkan ƙananan hukumominta suka daina bahaya a fili, kuma ƙauye-ƙauye aka bi, tare da masu unguwanni da limamai da kwamitocin ruwa da tsafta, har kowane gida ya haƙa masai. Limamai suna da babban tasiri a nan, domin hanin yin bahaya a kan hanya da inuwar da mutane ke hutawa sananne ne a addini, kuma huɗubar Juma'a guda tana isa inda lasifikar hukuma ba ta isa.

Damina da bishiya

Aikin shirin tunkarar ambaliya a watan Afrilu da Mayu ake yin sa. Kowace shekara hukumar kula da yanayi ta NiMet tana fitar da hasashen damina, hukumar NIHSA mai lura da ruwan koguna kuma tana fitar da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya. Ka nemi waɗannan bayanai, ka fassara abin da ya shafi yankinku zuwa Hausa, ka kai wa shugaban ƙaramar hukuma da hakimi a rubuce. Ambaliyar 2022 da ta yi ɓarna a Jigawa, da ɓallewar madatsar ruwa ta Alau da ta mamaye Maiduguri a Satumbar 2024, sun fi ƙarfin kowace ƙaramar hukuma, amma sanin inda za a kwashe mutane da kuma wanda zai sanar da su aiki ne na kwamitin agajin gaggawa na ƙaramar hukuma. A yankin Haɗeja da Nguru, ciyawar kachala da ke toshe hanyoyin ruwa tana cikin abubuwan da ke karkatar da kogi zuwa gonaki da gidaje, kuma aikin gayya na al'umma yana da rawar da yake takawa wajen buɗe su.

A cikin gari kuwa, kuskuren da ake maimaitawa shi ne matasa su fito su yashe kwata da himma, su tara laka da ledoji a bakinta, a ɗauki hoto a watse, sai ruwan farko ya mayar da komai inda aka ciro shi. Kada a sa ranar yasa sai an tabbatar da motar da za ta kwashe, ko kuma amalanke da baro idan babu mota, da kuma wurin da za a zubar. A birnin Kano hukumar kwashe shara ta jiha, REMASAB, ce ke da manyan motocin shara, saboda haka da ita ake daidaita rana. Haka kuma a riƙa tsayawa a kan maganar kududdufai, domin cike su da shara a yanka filaye a kai yana kore ruwan ne zuwa ɗakunan maƙwabta.

Dashen bishiya shi ma yana da irin wannan matsala. Jihohi 11 na Arewa suna cikin shirin Babbar Ganuwar Bishiyoyi ta Afirka, wanda Nijeriya ta kafa wa hukuma a 2015, sannan akwai shirin farfaɗo da ƙasar da ta lalace, wato ACReSAL, na dala miliyan 700 daga Bankin Duniya, wanda ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja. Irin dashe yakan samu, amma abin da ake ƙirgawa a rahotanni shi ne adadin da aka dasa a watan Agusta, alhali ma'aunin gaskiya shi ne adadin da ya tsira daga awaki da zafin bazara zuwa watan Mayu. Ka dasa kaɗan da za ka iya karewa da ƙaya ko kwando, ka damƙa kowace bishiya a hannun wani gida ko aji na makaranta da sunansa, ka kuma zaɓi irin da mutane ke so saboda amfaninsa, kamar darbejiya don inuwa, da zogale da kuka da ɗorawa don abinci, da daƙwara don ƙaro. Ka kuma koyi abin da manoman Maraɗi da Damagaram suka yi tun daga shekarun 1980, wato sassaben zamani, inda manomi ke barin tohon kututturan gawo da sauran itatuwa a gonarsa, ya rage rassan ya bar masu ƙarfi su girma. Da wannan dabara aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Jamhuriyar Nijar ba tare da gandun rainon dashe ba, kuma ƙasarsu da harshensu da damuwarsu duk irin namu ne.

Tsaya wa jama'a daga waje

Ba kowa ne zai samu aikin gwamnati ba, kuma ma'aikaci yana da iyakar abin da zai iya faɗa a fili game da ofishinsa. Saboda haka ake buƙatar mutanen gari masu bibiya, kuma wannan ma hanyar rayuwa ce da mutum zai iya ƙwarewa a kanta. A fara da ƙungiyar unguwa mai tsarin mulki a rubuce, da shugabanni da aka zaɓa, da asusun banki mai sa hannun mutum biyu ko uku. A yi mata rajista a sashen ci gaban al'umma na ƙaramar hukuma, idan ta girma kuma a yi ta Hukumar Rajistar Kamfanoni, domin masu ba da tallafi suna neman wannan. A saka mata da matasa da masu sana'ar kwashe shara da 'yan jari-bola a ciki, domin su ne suka fi kowa sanin inda shara ke tafiya.

Ƙorafi a majalisar shayi ko a Facebook yana sanyaya zuciya, amma takarda ce ke motsa ofis. Takardar ta kasance shafi guda, ta ambaci matsala guda, ta faɗi wurin da sunansa, da yawan gidajen da abin ya shafa bisa ƙirgar da kuka yi da kanku, da hotuna masu kwanan wata, da abin da kuke so a yi, da abin da ku za ku yi da hannunku. A sa hannun mai unguwa, a kai wa shugaban ƙaramar hukuma ta hannun sakatare, a ba kansilan mazaɓa da shugaban sashen da abin ya shafa kwafi, sannan a tabbatar an buga hatimin karɓa a kwafin da za ku riƙe. Lokaci ma yana da muhimmanci, domin ana haɗa kasafin kuɗin shekara mai zuwa ne a watannin ƙarshen shekara, kuma buƙatar da ta iso bayan an rufe kasafi amsarta ita ce a jira. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman bayani a rubuce, ta kuma ba hukuma kwana bakwai ta amsa. Haka nan dokar tantance tasirin manyan ayyuka ga muhalli ta 1992 ta tanadi jin ra'ayin jama'a, kuma akan baje rahoton aikin na tsawon kwanakin aiki 21 a wurare da suka haɗa da sakatariyar ƙaramar hukuma. Sau da yawa wa'adin kan ƙare babu ɗan gari ko ɗaya da ya buɗe rahoton, sai bayan masana'anta ta fara zubar da dagwalo a fara kuka. Gurɓatar da ta fito daga masana'antu, irin ta majemun Challawa da Sharaɗa da Bompai a Kano, hurumin ma'aikatar muhalli ta jiha ce da hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, wato NESREA, da aka kafa a 2007, saboda haka can ake aika ƙorafinta.

Abin da ya faru a Zamfara ya isa darasi. A 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa ta MSF suka gano cewa gubar dalma ce ke kashe yara a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, saboda ana daka duwatsun zinariya a cikin gidaje, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda jarirai ke rarrafe. Yara sama da 400 suka rasu. An tsaftace ƙauyuka da dama, amma aka bar garin Bagega yana jiran kuɗin gwamnatin tarayya, kuma likitoci ba za su iya fara magani ba sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar, domin yaron da aka yi wa magani zai koma cikin gubar ne. Matasan ƙungiyar bin diddigin kuɗin gwamnati ta Follow The Money, ƙarƙashin jagorancin Hamzat Lawal, tare da wasu ƙungiyoyi, suka riƙe maganar da hujjoji da hotuna da tambaya guda a kan inda kuɗin ya maƙale, har aka sake shi a farkon 2013 aka yi aikin. Buƙata guda suka riƙe, kuma sun je garin da ƙafarsu. Ya kamata kuma a tuna cewa da akwai jami'in da ke shiga gidajen nan yana rubuta yawan yaran da ake binnewa, da an farga da wuri.

Mai bibiya ya kiyayi abu biyu. Kada ya zargi mutum da sata ba tare da takarda a hannu ba, domin ƙarar ɓata suna guda tana iya rusa ƙungiya. Kada kuma ya bari ƙungiyar ta zama reshen wata jam'iyya, domin da zarar an yi mata wannan fenti, kowace magana tata za a ɗauke ta ta adawa ce ko ta fadanci. Wanda ya ga cewa kujerar kansila ko ta shugaban ƙaramar hukuma ce za ta ba shi damar yin aikin, yana da 'yancin nema, kuma kansiloli ne ke amincewa da kasafi da yin dokokin ƙaramar hukuma a kan shara da sare itatuwa da gini a kan hanyar ruwa. Sai dai ma'aikaci dole ne ya ajiye aiki kafin ya tsaya takara, shugaban ƙungiya kuma ya dace ya miƙa shugabancin ga wani.

Daɗewa a cikin aikin

Albashin ƙaramar hukuma ba shi da yawa, kuma akwai jihohin da yake makara. Ka nemi halastacciyar sana'ar da ba ta cin karo da aikinka, kamar noma ko kiwo ko rainon dashe, ka guji duk wata hulɗar kuɗi da mutanen da kake dubawa, ko da sunan kyauta ce daga mahauci ko mai gidan burodi. Ka shiga ƙungiyar ma'aikata ta NULGE da ƙungiyar jami'an lafiyar muhalli, ka rubuta jarrabawar ƙarin girma a kan lokaci, ka kuma nemi izinin ƙaro karatu a rubuce kafin ka tafi, domin takardar da aka samo ba da izini ba takan sha wahalar shiga fayil. Mai babbar difloma yana iya yin diflomar gaba da digiri, sannan ya yi digiri na biyu a lafiyar al'umma ko kula da muhalli, kuma daga nan hanya a buɗe take zuwa shugabancin sashe, ko ma'aikatar jiha, ko hukumar samar da ruwa da tsafta a karkara.

Canjin wurin aiki zai zo, wani lokaci ma saboda ka taka wani mai ƙarfi, kuma shugabannin siyasa za su riƙa sauyawa kana nan. Ka riƙe kwafin kowane rahoto da kowace takardar gargaɗi da ka bayar, ka kuma nemi duk umarnin da ya saɓa wa ƙa'ida a ba ka shi a rubuce, domin yawanci a nan maganar ke mutuwa. Idan an ɗauke ka daga wata ƙaramar hukuma, ka bar wa magajinka cikakkiyar takardar miƙa aiki da ta ƙunshi jerin rijiyoyi da famfunan da ke aiki da waɗanda suka lalace, da unguwannin da ruwa ke ci kowace damina, da takardun gargaɗin da wa'adinsu bai cika ba, da sunayen masu unguwannin da suka fi ba da haɗin kai, sannan ka kai shi zaurukansu ka gabatar da shi kafin ka tafi.